Shekarar da Aka Yanka Jihar Kano Kashi Uku

Ranar Asabar 11 ga Agusta 1979 ta faɗo cikin azumi, damina kuma ta yi tsakiya. Karo na biyar ke nan tun 7 ga Yuli da aka kira mutane rumfar zaɓe: an yi na 'yan majalisar dattawa, an yi na wakilai, an yi na majalisun jihohi, an yi na gwamnoni, sai na shugaban ƙasa ya rage. Jama'a sun gaji, ga ƙishirwa, ga gona tana jira. A faɗin ƙasa wajen kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka yi rajista ne kawai suka fito.

A Azare da ƙauyukan Katagum babu mai tambayar inda iska ta dosa. Mako biyu kafin nan aka zaɓi Abubakar Tatari Ali, ɗan ƙasar Katagum, gwamnan Jihar Bauchi a jam'iyyar NPN mai alamar gida da masara. Saboda haka maza da mata, waɗanda a shekarar ne matan Arewa suka fara zaɓen tarayya, suka dangwala wa Alhaji Shehu Shagari. Da aka ƙirga, ya tashi da fiye da kashi 62 cikin 100 na ƙuri'un jihar, wadda a lokacin ta haɗa har da Gombe. Alhaji Waziri Ibrahim na GNPP da Malam Aminu Kano na PRP suka raba mafi yawan abin da ya saura.

A ƙasa baki ɗaya ma Shagari ne a gaba, kuma ba da ƙaramar tazara ba. Ya sami ƙuri'a 5,688,857. Cif Obafemi Awolowo na UPN yana biye da 4,916,651. Dokta Nnamdi Azikiwe na NPP ya sami 2,822,523, Malam Aminu 1,732,113, Waziri 1,686,489. In da yawan ƙuri'a kaɗai ake bi, da an gama magana tun a nan, kowa ya je ya sha ruwa. Amma dokar ba haka ta ce ba.

Waɗanda suka tsara tsarin mulkin 1979, kwamitin da Rotimi Williams ya jagoranta da majalisar da ta duba aikinsu, mutane ne da suka ga yaƙin basasa da idonsu. Sun kuma tuna siyasar Jamhuriya ta Farko, inda kowace jam'iyya take da gidan ubanta: NPC a Arewa, AG a Yamma, NCNC a Gabas. Abin da suke gudu shi ne mutum ya tara ƙuri'un yankinsa kawai ya haye kujerar ƙasa. Sai suka ɗora sharaɗi biyu. Na farko, ka fi kowa ƙuri'a. Na biyu, ka sami aƙalla rubu'in ƙuri'un da aka kaɗa a kowace jiha cikin kashi biyu bisa uku na jihohin ƙasar. Tunani ne mai kyau, har yau kuma da shi ake aiki. Matsalar ita ce tun Fabrairun 1976 Janar Murtala Muhammed ya mai da jihohi 12 zuwa 19. Sha biyu tana rabuwa uku lafiya lau, sulusinta biyu takwas ne. Sha tara ba ta rabuwa. Kashi biyu bisa ukunta shi ne 12 da sulusi biyu.

Shagari ya ci rubu'i ko fiye a Sakkwato, Neja, Kaduna, Bauchi, Borno, Gongola, Filato, Binuwai, Kwara, Bendel, Ribas da Kuros Riba. Ƙirga su: goma sha biyu cif. Awolowo ya tsaya a shida. Jiha ta goma sha uku da Shagari ya fi kusa da ita ita ce Kano, kuma nan ne gidan Malam Aminu. Saura kwanaki kaɗan a yi zaɓe ma kotu ta wanke Malam daga maganar haraji da hukumar zaɓe ta so ta hana shi takara da ita, sai Kanawa suka fito suka dangwala wa mabuɗi, alamar PRP, fiye da kashi 76 cikin 100. Cikin ƙuri'a 1,220,763 da aka kaɗa a jihar, Shagari ya sami 243,423, wato kashi 19.94. Rubu'in Kano kuwa ya ɗan haura 305,000. Giɓin da ke tsakani bai kai ƙuri'a dubu 62 ba, a zaɓen da aka kaɗa kusan miliyan 17.

A nan ne labarin ya taɓa mutanen Katagum ta inda ba su zata ba. Ɗauki mutum biyu 'yan uwa, ɗaya a ƙasar Shira, ɗaya a Gwaram. Kasuwa ɗaya suke ci, suna auratayya, ranar zaɓe kuma duk gida da masara suka dangwala wa. Ƙuri'ar na Shira ta faɗa Jihar Bauchi, inda Shagari ya riga ya ninka rubu'i sau biyu da rabi. Ta ƙara masa yawa, amma ga sharaɗi na biyu ba ta tsinana komai ba. Ta na Gwaram kuwa, wadda yau take Jigawa, a lokacin cikin Jihar Kano take, kuma irinta ake nema ruwa a jallo. Abin da ya bambanta darajar ƙuri'un nan biyu layi ne da Turawa suka ja a takarda. Ƙasar Katagum ai cikin Lardin Kano take a farkon mulkin mallaka. A ƙarƙashin Kano aka mai da fadar sarki daga garin Katagum zuwa Azare a 1916, sai a 1926 aka cire ta aka haɗa da Lardin Bauchi. Mai son lissafi ya gwada: in aka ƙara wa Kano masu zaɓe wajen dubu 170 da za su jefa yadda mutanen Bauchi suka jefa a wannan rana, Shagari ya haye rubu'i, babu ƙara babu kotu. Na san da a ce kaza tana da hatsari, domin Katagum da ta shekara hamsin a inuwar siyasar Kano ba lallai ta zama Katagum ɗin Tatari Ali ba. Amma lissafin yana nuna yadda mazaunin ƙuri'a kan fi yawanta nauyi.

To, in ba a sami wanda ya cika sharaɗin ba fa? Wannan shi ne ɓangaren da aka fi mantawa. Dokar ba ta ce a koma wa talakawa zagaye na biyu ba. Cewa ta yi cikin kwana bakwai 'yan majalisar dattawa da na wakilai da na majalisun jihohi duka su zauna su zaɓi ɗaya cikin mutum biyu. Wato Shagari da Awolowo, a hannun wakilai 1,891: sanatoci 95, 'yan majalisar wakilai 449, 'yan majalisun jihohi 1,347. Jihar Bauchi tana da 85 a ciki, Kano tana da 189.

Sai a duba yadda kujerun suka rabu. NPN tana da 691, UPN 472, NPP 320, GNPP 208, PRP 200. In kowa ya jefa, mai nasara yana bukatar 946. Shagari ko da duk 'yan PRP sun bi shi, 891 zai tsaya. Awolowo kuwa, in Zik, wato Azikiwe, da Waziri suka miƙa masa mutanensu, ya tashi da dubu ɗaya daidai, ba ƙari ba ragi. Mutumin da aka ba tazarar ƙuri'a fiye da dubu 770 a akwati zai iya zama shugaban ƙasa a zauren majalisa. Haka kuma in Zik ya karkata wajen NPN, Shagari ya sami 1,011. Mabuɗin yana hannun Zik, ba a hannun masu alamar mabuɗi ba. Kowa kuma ya san abin da mako guda na neman kan mutum kusan dubu ɗaya da ɗari tara zai zama: dare ba barci, jakunkuna suna yawo, alkawarin minista ga wannan, barazana ga wancan.

Mutanen Arewa ba baƙin irin wannan zaɓe ba ne. A 1951 hawa-hawa aka yi shi: masu biyan haraji su zaɓi wakilan ƙauye, waɗannan su zaɓi na gunduma, a haka har a kai matakin lardi, inda En'e take da ikon cusa nata mutanen. NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma kafin a kai sama an tace ta tas, ko mutum ɗaya ba ta kai Majalisar Kaduna ba. A 1959 kuma, NCNC da ƙawarta NEPU sun fi NPC yawan ƙuri'a da rata mai faɗi, amma suka tashi da kujera 89, NPC 134 cikin 312, saboda kujeru an raba su ne da yawan jama'a, matan Arewa kuwa ana ƙirga su amma ba sa jefa ƙuri'a. Ta haka Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutumin Lardin Bauchi, ya ci gaba da zama Firayim Minista. Duniya juyi-juyi: tsarin da ya yi wa dattawan NPC rana a 1951 da 1959 shi ne magadansu suke tsoro a 1979.

Wanda ya fito da mafita lauyan NPN ne, Cif Richard Akinjide, mutumin Ibadan, wanda bai daɗe da shan kaye a takarar gwamnan Oyo a hannun Bola Ige ba. Ya ce doka ba ta ambaci jiha 13 ba, kashi biyu bisa uku ta ce. Kashi biyu bisa uku na 19 kuwa 12 ne da sulusi biyu. Saboda haka a jiha ta goma sha uku ba rubu'in ƙuri'un jihar duka ake nema ba, rubu'in sulusinta biyu ake nema. Ga lissafin a buɗe. Ƙuri'un Kano 1,220,763. Cire sulusi ɗaya, saura 813,842. Rubu'in wannan shi ne 203,460 da rabi. Shagari yana da 243,423. Ya wuce da kusan dubu arba'in.

Ranar Alhamis 16 ga Agusta hukumar zaɓe ta FEDECO, wadda Cif Michael Ani yake shugabanta, ta karɓi wannan fassara ta ce Shagari ya ci. Wannan hukumar ce kuma a baya, lokacin rajistar jam'iyyu, ta fahimci kashi biyu bisa uku na jihohi a matsayin 13. Awolowo da Zik da Waziri suka ce ba su yarda ba. Awolowo ya garzaya kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, wadda Mai Shari'a B. O. Kazeem yake jagoranta.

Duk wanda ya taɓa zama wajen rabon gado zai gane gardamar nan da nan. Mamaci ya bar shanu 19, wasu magada suna da sulusi biyu. Ko dai a ce saniya ba ta yankuwa, a ba su 13 su yi ciko, ko a yi wa ta goma sha ukun kuɗi a raba. Akinjide ya ce a yi mata kuɗi. Lauyoyin Awolowo suka ce jiha ba kuɗi ba ce. Ƙasa ce mai iyaka da gwamna da majalisa, babu wani abu wai sulusi biyun jiha. In ma an dage sai an yanka ta, wane sulusi biyun? Na Haɗeja da Gumel da Kazaure, ko na birni da kewaye? Suka kawo Farfesa Ayodele Awojobi na Jami'ar Legas ya ba da shaida. Ya ce Kano tana da ƙananan hukumomi 20, kuma akwai hanyoyi 38,760 da za a iya fitar da sulusi biyunta ta bin ƙananan hukumomi, aikin da zai ci shekara in babu kwamfuta.

Akwai kuma wata hujja da ta fi wannan sauƙi, kuma a ganina ta fi ta kaifi. An zubar da sulusin ƙuri'un Kano, amma ba a taɓa na Shagari ba. An bar masa 243,423 ɗinsa cur, kamar duk masu zaɓensa a cikin sulusi biyun da aka ajiye suke zaune, sulusin da aka jefar kuwa 'yan PRP ne zalla. In aka rage kowane ɓangare daidai wa daida, nasa ya koma 162,282, kuma wannan a cikin 813,842 kashi 19.94 ne, inda aka baro. Abin da lissafin Akinjide ya yi a zahiri shi ne sauke sharaɗin daga rubu'i zuwa sudusi, domin rubu'in sulusi biyu kashi ɗaya ne bisa shida. Ɗalibin ilimin rabon gado ya san wannan.

Duk da haka, ranar 10 ga Satumba kotun ta kori ƙarar. Aka ɗaukaka zuwa Kotun Ƙoli, gaban alƙalai bakwai. Shugabansu Atanda Fatai-Williams, wanda a cikin watan Agustan nan aka naɗa shi Babban Jojin Ƙasa, abin da magoya bayan Awolowo ba su daina ambata ba har yau. Cikin sauran akwai Mohammed Bello na Katsina da Muhammadu Lawal Uwais na Zariya, da Ayo Irikefe. Duka ukun daga baya sun riƙe kujerar Babban Joji. Ranar Laraba 26 ga Satumba, saura kwana biyar sojoji su miƙa mulki, suka yanke hukunci: shida sun kori ƙarar, ɗaya ya saɓa. Wanda ya saɓa shi ne Kayode Eso, ya ce 13 ne, kuma Shagari bai cika ba. Andrews Obaseki kuwa ya bi wata hanya ta daban. Bai gamsu da yanka jiha ba, amma ya ce giɓin bai kai a rushe zaɓen ba. Hukuncinsa ne, a wajena, ya fi fito da abin da ke zukatan mutane: lissafin gurgu ne, amma wanda ya fi kowa ƙuri'a, ya fi kowa yaɗuwa ninki biyu, shi ya fi cancanta, kuma ba wanda yake son ya ga abin da zai biyo baya in aka buɗe kasuwar wakilai ana saura kwana biyar. Sojoji sun shekara goma sha uku a kan mulki. Ƙaramin hargitsi ya isa ya ba wasu daga cikinsu dalilin zama.

Hujjar cewa tsoron nan gaskiya ne ta fito daga hannun sojojin kansu. Kafin Janar Olusegun Obasanjo ya sauka, gwamnatinsa ta gyara tsarin mulkin, ta cire zaɓen wakilai, ta ce nan gaba in ba a sami wanda ya cika sharaɗi ba, talakawa za a koma wa. Ranar Litinin 1 ga Oktoba aka rantsar da Shagari da mataimakinsa Alex Ekwueme a dandalin Tafawa Ɓalewa a Legas. Akinjide ya zama Ministan Shari'a, sunan lissafinsa kuma ya bi shi har kabari. Zik, wanda aka ƙirga mutanensa cikin dubun Awolowo, jam'iyyarsa ta ƙulla ƙawance da NPN, ta karɓi kujerar kakakin majalisar wakilai da wasu ministoci. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi shakkar cewa da an je zauren wakilai Awolowo zai ci. Amma ba a je ba, saboda haka kowane ɓangare ya riƙe nasa labarin.

Amurka, wadda muka ari tsarin shugaba mai cikakken iko daga gare ta, ita ba ta cire nata wakilan ba. A can ma su ne hanyar farko, ba ta ko-ta-kwana ba. Kowace jiha tana da wakilan zaɓe gwargwadon kujerunta a majalisun tarayya, jimillarsu har da na babban birnin ƙasar 538, mai nasara yana bukatar 270. A kusan duk jihohin, wanda ya fi ƙuri'a ko da ɗaya ce shi yake kwashe wakilan jihar duka. A 2000 Al Gore ya fi George W. Bush ƙuri'a da fiye da rabin miliyan, amma ƙuri'a 537 a Florida da hukuncin Kotun Ƙolinsu na 12 ga Disamba suka ba Bush wakilai 271. A 2016 Hillary Clinton ta fi Donald Trump da kusan miliyan uku, ya ci da wakilai 304. Bambancin da namu a bayyane yake. A Najeriya wanda bai fi kowa ƙuri'a ba ba zai taɓa ci a zagayen farko ba; sharaɗin jihohi yana iya tare na gaba ne kawai, ba ya ɗaga na baya. Ƙofa ɗaya tak da na biyu zai iya shiga ba tare da an sake tambayar talaka ba ita ce wadda aka rufe a 1979.

A 1983 Shagari ya ci rubu'i a jihohi 16, ba a bukaci lissafi ba, sai dai daren 31 ga Disamba na shekarar sojoji suka dawo. Jihohi suka koma 21 a 1987, 30 a 1991, lokacin da aka fitar da Jigawa daga Kano, sannan 36 a 1996. Duka ukun suna rabuwa uku. Da 36, sulusi biyu 24 ne, aka ɗauka an huta. Sai ga 2023: Bola Tinubu ya fi kowa ƙuri'a, ya wuce jihohi 24 nesa, amma a Abuja bai kai rubu'i ba, kashi 19 da 'yan kai ya samu, kusan abin da Shagari ya samu a Kano. Masu ƙara suka ce sashe na 134 ya ware Abuja daban, dole a ci rubu'inta. Ranar 26 ga Oktoba 2023 Kotun Ƙoli ta ce a'a, Abuja kamar jiha ake ƙirga ta, ba ta fi kowa ba. Wato ƙidayar ta koma 37, kuma 37 ba ta rabuwa uku. Mutanen Azare sun yi shekara da shekaru suna kai takardar neman Jihar Katagum gaban kwamitocin gyaran tsarin mulki. In aka ba su ita kaɗai, ƙidayar ta zama 38, sulusi biyunta 25 da sulusi ɗaya.